Sudan ta wa? Sunan da ya taɓa haɗa Kano da Timbuktu da Khartum

Safiya Kaduna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana tarihi. Me ya sa ake ce wa Sarkin Kontagora Sarkin Sudan? Kontagora tana Jihar Neja, ƙasar Sudan kuwa tana can gabas, sai an ratsa Chadi kafin a isa. Na ji wani yana cewa wai kakannin masarautar daga Khartum suka taso, amma hankalina bai kwanta da wannan bayani ba. Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Malam Bashir Sakkwato:
Wa alaikumus salam. 'Yata, wanda ya gaya miki haka bai san gidan ba. Umaru Nagwamatse ne ya kafa Kontagora, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke nan. Ɗan'uwansa Ahmadu Atiku, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1859, shi ya naɗa shi Sarkin Sudan, sannan ya kafa garin a 1864. Kuma ba Kontagora kaɗai ke da sarautar ba. Hakimin Wurno ma Sarkin Sudan ne, ita marigayi Alhaji Shehu Malami ya riƙe, wanda ya yi wa Najeriya jakadanci a Afirka ta Kudu.

Sudan ɗin da ke cikin wannan sarauta ba ta Khartum ba ce, tamu ce. Malaman Larabawa na da, masu rubuta labarin ƙasashe, duk abin da ke kudu da Sahara suna kiran shi Biladus Sudan, ƙasar baƙaƙen fata, tun daga bakin teku a Senegal har zuwa Bahar Maliya. Al-Bakri ya yi bayanin daular Gana a cikinta a 1068. Ibn Battuta da ya shiga Mali a 1352, a wurinsa ƙasar Sudan ya shiga. Da Abdurrahman as-Sa'adi ya rubuta tarihin Timbuktu da Jenne da sarakunan Songhai wajen 1655, Tarikhus Sudan aka sa wa littafin, kuma labarin kogin Kwara ne a ciki, ba na Nilu ba.

Mu dawo gida. Takardar da Shehu ya aika wa jama'a a farkon jihadi sunanta Wasiƙatu Ahlis Sudan. Mutanen Gobir da Zamfara da Kabi da Katsina da Kano da Zazzau yake wa magana, su ne ahlus Sudan. Yana da wani littafin kuma, Tanbihul Ikhwan ala Ahwali Ardis Sudan, a kan halin da ƙasar nan take ciki. Fataken Tarabulus da Gadamas ma in sun ce za su Sudan, yawanci Kano da Katsina suke nufi, har suna bambanta ta da Barno. A bakinsu Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya ɗauko, shi ya sa da ya baro Kukawa ya iso Kano da Sakkwato a 1824 ya rubuta cewa Sudan ya shigo.

Abin da ke yi mini ciwo shi ne yau ɗalibi zai karanta Shehu ya ɗauka da mutanen wata ƙasa yake. Suna ne da muka rayu a cikinsa ɗaruruwan shekaru, muka sake shi ba tare da wani ya tambaye mu ba.

Safiya Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara ilimi. To yaya aka yi sunan ya bar nan ya tattara ya koma wuri ɗaya?

Isufu Maraɗi:
Ƙanwata, kafin a amsa miki wannan, bari in shigo da ɓangarenmu na Faransi, don mu a lakwal, wato makarantar boko ta Nijar, an karantar da mu wata Sudan ɗin daban. Ƙasar da ake kira Mali yanzu, sunanta Sudan ta Faransa. A 1890 Faransawa suka sa mata sunan, hedikwatarta tana Kayes. Daga baya suka yi ta yanka ta suna sauya mata suna. A 1904 ta koma Haut-Sénégal et Niger, kuma ƙasarmu ta Nijar ta yi shekaru a ƙarƙashinta a matsayin yankin soja kafin a ware ta, ta zama koloni mai zaman kanta a 1922, da hedikwata a Damagaram. A 1920 suka maido da sunan Sudan, Bamako na hedikwata, haka ya zauna har ƙarshen mulkinsu.

Kuma kada a ce Faransawa ne kawai suke kiran ta haka. Mutanen ƙasar sun rungumi sunan. Jam'iyyar Modibo Keita da ta kai su ga 'yanci sunanta Union Soudanaise. A 1958, da aka ba su mulkin cikin gida, Jamhuriyar Sudan suka kira kansu, alhali ga wata Jamhuriyar Sudan a Khartum tun 1956. Sudan biyu ke nan a nahiya ɗaya a lokaci ɗaya. Sai suka haɗu da Senegal suka kafa Tarayyar Mali a 1959, tarayyar ta sami 'yanci a watan Yunin 1960, ta watse a watan Agusta. Ranar 22 ga Satumban 1960 mutanen Bamako suka riƙe sunan Mali, suka ajiye na Sudan. Wanda aka haifa a Segu ko Gao ko Mopti daga 1920 zuwa wannan lokaci, Soudan ke rubuce a takardar haihuwarsa.

Saboda haka a ganina ba ƙwace sunan aka yi ba, Malam Bashir. Mutanen yamma sun sami wanda ya fi musu daɗi, sunan daular Sunjata da Mansa Musa, suka ɗauka. Haka Nkrumah ya yi a 1957 da ya sa wa ƙasarsa Gana, alhali tsohuwar Gana tana tsakanin Muritaniya da Mali, nesa da Accra.

Kabiru Malamin Gona:
Ni dai a wajen aikinmu sunan bai tafi ko'ina ba. Duk wanda ya yi darasin labarin ƙasa a sakandare ya san an raba arewa gida uku: Sahel a can sama, savanar Sudan a tsakiya, savanar Gini a ƙasa. Kano da Katsina da yawancin Sakkwato da Jigawa a savanar Sudan suke, ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa, ƙasar kuka da ɗorawa da gawo. In za a ba manomi irin shuka, sai an duba ko na yankin Sudan ne ko na Gini, don damina ba ɗaya ba ce. A Nijar ma wajen Gaya haka masana ke kiran yankin. Kuma Larabawa har gobe ful sudani suke ce wa gyaɗa.

Baba Yohanna Jos:
Salama gare ku duka. Na ji daɗin tambayar yarinyar nan, domin mu ma a ikilisiya matasa suna yi mana irinta. Suna ganin SIM da SUM a jikin tsofaffin gine-gine da littattafan waƙoƙi, suna tambaya me ya haɗa mu da Sudan.

A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar shiga abin da suke kira cikin ƙasar Sudan. Ba Nilu suka nufa ba, nan suka nufa. Gowans da Kent suka rasu a 1894, Bingham ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Wannan ita ce Sudan Interior Mission, daga cikinta ECWA ta fito a 1954, ita ce kuma ta gina asibitin Galmi a Nijar, Malam Isufu ya san shi. Ɗayar kuwa, Sudan United Mission, Karl Kumm ne ya jagorance ta, suka fara zama a Wase a 1904.

Abin da nake so a lura da shi, da Hausa iyayenmu suka sa wa ikilisiyoyinsu suna, kuma Sudan suka ce. Ekklesiyar Kristi a Sudan, EKAS. Da suka haɗu a 1955 suka zama Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, TEKAS. Daga baya ne aka cire Sudan aka sa Nijeriya, ta zama TEKAN. Ikilisiyar Tibi ta NKST ma harafin S ɗin da ke cikinta asalinsa Sudan ne. Mahaifina ya yi wa'azi shekaru a ƙauyukan Filato yana cewa shi ɗan Ekklesiyar Kristi a Sudan ne, ba wanda ya taɓa zaton baƙo ne daga gabas. Musulmi da Kirista duka mun shiga inuwar sunan nan, kowa ta ƙofarsa.

Hajiya Lami Zariya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina girmama Malam Bashir, amma ban yarda da juyayin nan ba. Mu tsaya mu tambayi kanmu, wa ya raɗa sunan? Ba Bakano ba ne, ba Bakatsine ba ne, ba Babarbare ba ne. Mutumin da ya tsallako hamada ne ya dube mu ya ga launi ɗaya, ya haɗa Wolof da Mandinka da Hausawa da Nuba ya ɗaure a ƙunshi guda. Kakanninmu ƙasar Hausa suka sani, da Barno da Nufe da Kwararrafa. Sudan kalmar masu alƙalami ce da fatake.

Kuma ba launi kawai ke cikinta ba, akwai bauta. A kasuwannin Maroko da Tarabulus da Alƙahira, in an ce wane Basudane ne, sau da yawa ana nufin ya halatta a saye shi. Me ya sa Ahmad Baba na Timbuktu ya zauna ya rubuta fatawa a 1615? Mutanen Tuwat ne suka aiko masa da tambaya a kan bayin da ake kawowa daga Sudan. Sai da ya lissafa musu cewa mutanen Kano da Katsina da Barno da Songhai Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba, kuma baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba. Da ba a yi ta sayar da su ba, da ba a bukaci fatawar ba.

Ita kanta sarautar da Safiya ta yi tambaya a kai, a faɗi gaskiya gaba ɗaya. Yaƙe-yaƙen gidan Nagwamatse a kan Kambari da Gwari da maƙwabtansu suka faɗa, an kama mutane da yawa, garuruwa sun tashi. Jikokin waɗannan mutane suna nan, wasu ma watakila suna cikin zauren nan suna karatu. In za a koya wa yara tarihin sunan, a koya musu da wannan.

Malam Bashir Sakkwato:
Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya. Maganar bauta gaskiya ce, ba mai gardama da ke a kai, kuma abin da ya sami Kambari da Gwari ba abin ɓoyewa ba ne. Inda muka rabu shi ne cewa sunan na baƙi ne kawai. Ahmad Baba ɗin da kika kawo, as-Sudani yake saka wa a sunansa. Bayan sojojin Maroko sun ci Songhai a 1591 an kai shi Marrakesh a ɗaure, ya zauna can yana karantar da manyan malamansu, kuma bai cire wannan laƙabi ba. Da abin kunya ne a wurinsa, da ya ajiye shi a can inda aka fi raina shi.

Ban da haka, sunan ya yi mana wani aiki da ƙasar Hausa ko Barno ba za su yi ba. Shi ne ya nuna cewa malamin Timbuktu da na Agadas da na Katsina da na Gazargamu duniya ɗaya suke, Risala da Muhtasar ɗaya suke karantawa, rubutunsu ma iri ɗaya ne, har masana na kiran shi rubutun Sudani. Je ki dubi masallacin Jenne da hasumiyar Agadas da masallacin Larabanga a arewacin Gana, gini ne na dangi ɗaya. Muhammadu Bello da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri sai ya zaɓi wata kalmar, Biladut Takrur, amma abin da yake nema ɗaya ne, wato sunan da zai ɗauke mu duka. Yau ba mu da irin wannan suna sai Afirka ta Yamma, wanda ya yanke mu daga Wadai da Darfur, ya haɗa mu da bakin teku.

Hajiya Lami Zariya:
Malam, mutum yakan ɗauki sunan da aka jefe shi da shi ya ɗaukaka shi, wannan darajar Ahmad Baba ce, ba ta sunan ba. Kuma duniyar da ka kwatanta ta malamai ce. Matar da ke daka a ƙauyen Gwari ba ta cikin wannan zumunci, sai dai ta ji labarinsa ranar da mahaya suka iso.

Nura Ɗalibi:
Iyayena, ku ba ni dama in koma kan tambayar Anti Safiya ta biyu, don ba a amsa ta ba. A Khartum na yi karatu, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ne ya dawo da mu gida ta kan iyakar Masar.

Kafin ƙarni na sha tara babu wata ƙasa guda mai suna Sudan a bakin Nilu. A zamanin da akwai Kush, sannan masarautun Nubiya na Kirista irin su Makuriya da Alwa. Daga 1504 daular Funj ta kafu a Sinnar, Darfur kuma da nata sarakunan. A 1820 Muhammad Ali Basha na Masar ya aiko da rundunarsa ƙarƙashin ɗansa Isma'il, yana neman zinariya da bayin da zai mayar sojoji. Sinnar ta faɗi a 1821, Khartum ta tashi daga sansani ta zama hedikwata. Masarawa ne suka riƙa kiran abin da suka ci a kudancinsu Sudan, wato yankinsu na cikin babbar Biladus Sudan, Turawa kuma suna cewa Sudan ta Masar don su bambanta ta da sauran.

Mahadi Muhammad Ahmad ya tashi a 1881, ya ci Khartum a Janairun 1885, aka kashe Gordon, Baturen da ke mulkin garin. Kitchener, kwamandan rundunar Ingila da Masar, ya rushe daular Mahadiyya a Omdurman a 1898, a 1899 aka kafa mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar. Darfur ba ta shiga hannunsu ba sai 1916, bayan an kashe Sarki Ali Dinar. A 1951 Sarki Faruk ya kira kansa Sarkin Masar da Sudan, mutanen jam'iyyar Umma kuwa takensu shi ne Sudan ta Sudaniyawa ce. Da aka sami 'yanci ranar 1 ga Janairun 1956, sai aka zubar da Ingila da Masar daga jikin sunan, aka bar Sudan zalla. Su suka riga kowa shiga Majalisar Ɗinkin Duniya da shi, da fasfo da tuta. Shekara huɗu bayan nan Bamako ta saki nata, shi ke nan ba sauran abokin tarayya.

Isufu Maraɗi:
Nura, su mutanen bakin Nilun, tun farko sun yarda a kira su Sudaniyawa?

Nura Ɗalibi:
A'a Yaya Isufu, kuma nan maganar Hajiya take da ƙarfi. Har farkon ƙarni na ashirin, ɗan babban gida a arewacin ƙasar in ka tambaye shi, zai ce shi Ja'ali ne ko Shaiƙi ko Dongolawi, ko ya ce Balarabe ne. Sudani kalma ce ta bayi da 'yantattu da sojojin baƙar fata da ke cikin rundunar Masar. Wanda ya fara ɗaga ta a siyasa da ƙarfi shi ne Ali Abdul Latif, hafsan soja, uwarsa Dinka, ubansa Nuba, daga zuriyar bayi. An ɗaure shi a 1922 saboda rubutun da ya yi yana neman haƙƙin al'ummar Sudan, ya jagoranci ƙungiyar Farar Tuta a 1924. Wasu manyan ƙasar a lokacin sun fito fili sun raina asalinsa, suna cewa wane ne shi da zai yi magana da yawun jama'a. Sai daga baya 'yan boko da suka fito daga Kwalejin Gordon suka karɓi kalmar, suka yi mata waƙoƙi, suka kafa majalisar tsofaffin ɗalibai a 1938. Cikin shekara talatin da 'yan kai, sunan da ake gudu ya zama wanda ake tinƙaho da shi, har masu shi na farko aka fara tura su gefe.

Usman Mai Wurno:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta zauren nan ban yi magana ba, yau dole ta sa. Ni Bahaushe ne, a Sudan aka haife ni, a can aka haifi mahaifina da kakana. Abin da kuke muhawara a kai a littafi, mu a jikinmu yake.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka isa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Kafin su ma akwai alhazai da ke bin hanyar ƙasa, daga Kano zuwa Barno, Abeche, Junaina, Fashir, Ubayyid, har Sawakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce, ana tsayawa a yi noma a tara guzuri, da yawa nan suka yi aure suka zauna. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu ya yi aiki a ciki ba kaɗan ba. Muna Gadarif, muna Kasala, muna Damazin, muna Port Sudan, muna Nyala.

Duk da haka Fallata ake kiran mu, Bahaushe da Bafillace da Babarbare duka, wani lokaci Takari, kuma a bakin mutane da yawa ma'anarsa baƙo. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Ku lissafa, jama'ar Mai Wurno bayan 1903 suka iso. An sassauta dokar daga baya, amma halin bai tafi ba. Ni da kaina da na je neman jinsiyya, takardar shaidar ɗan ƙasa, sai da aka ce in kawo dattawan da za su shaidi kakana, abokin karatuna da muka je tare kuwa sunan ƙabilarsa kawai aka tambaya aka buga masa hatimi.

A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu aka hana. Fiye da mutum ɗari suka mutu, aka sake a Oktoba. Abin da ake faɗa mana shi ne ba mu da ƙasa, mu koma inda muka fito. Shi ya sa da na karanta Malam Bashir yana cewa Shehu ya kira mutanen Gobir da Kano ahlus Sudan, sai da na ajiye waya na ɗan jima. Kakanninmu daga Sudan suka taso, a Sudan suka sauka, yau ana tambayar mu shaidar cewa mu 'yan Sudan ne.

Baba Yohanna Jos:
Ɗana Usman, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kawo ƙarshen yaƙin da ake yi yanzu. Labarinka ya tuna mini da mutanen kudu. Sun yi yaƙi da Khartum shekaru da dama, jagoransu John Garang yana cewa Sabuwar Sudan yake nema, wadda kowa zai zama ɗan gida a cikinta. Ya rasu a hatsarin jirgi a 2005, 'yan watanni bayan yarjejeniyar zaman lafiya. A ƙuri'ar Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi rabuwa. An kawo shawarar sunaye irin su Kush da Jamhuriyar Nilu, amma ranar 9 ga Yuli da aka ɗaga tuta a Juba, Sudan ta Kudu suka ce. Sun bar ƙasar, ba su yarda sun bar wa Khartum sunan ba. Ni ina ganin suna da hujja.

Kabiru Malamin Gona:
Akwai abin da ba a ambata ba. Saura kaɗan mu ma a bar mu da sunan. Lokacin da Flora Shaw, wadda ta auri Lugga daga baya, ta kawo shawarar sunan Nigeria a jaridar Times ta Landan a Janairun 1897, ƙasashen da kamfanin Royal Niger ke riƙe da su take nufi. Ta ambaci cewa matafiya da masu zana taswira suna kiran yankin Sudan ta Tsakiya, amma ta ƙi shi, don mutane za su riƙa rikita shi da yankin Faransawa da kuma rigimar Nilu. Ashe tun lokacin ruɗanin da Safiya ta shiga yake. Sunan kamar babbar riga ne da Turawa suka yanka, kowa ya ɗinka wa yankinsa taguwa.

Yanzu kuma sai ya bazu a wuraren da ba a zata ba. Akwai nau'in cutar Ebola mai suna Sudan, wadda aka fara gani a Nzara da Maridi a 1976, garuruwan da yau ba sa cikin Sudan ma, suna Sudan ta Kudu, kuma ita ce ta ɓulla a Uganda a 2022. Akwai wani jan rini da masu algus ke zuba wa manja, shi ma Sudan ake kiran shi, an hana sa shi a abinci.

Hajiya Lami Zariya:
To kun gani. Da an bar mu da shi, da yau ɗanmu in ya je neman biza sai ya yi bayanin wace Sudan ce tasa. Ban ce Najeriya suna ne mai tsarki ba, shi ma baƙuwa ce ta raɗa shi. Amma labarin Usman ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan abin da na faɗa. Duk inda sunan nan ya je, sai an sami wanda aka ce ya fi wani baƙi, aka tura shi baya. Abin da ya kamata mu nema wa Hausawan can shi ne takarda da gona da tsaro, ba gadon wata kalma ba.

Malam Bashir Sakkwato:
Hajiya, ba a raba su. Wanda ke cewa Usman baƙo ne, da tarihi yake kafa hujja, ya ce ƙasar ta kakanninsa ce tun Funj. In ɗan Mai Wurno bai san cewa hanyar Sinnar zuwa Sakkwato ta girmi iyakar da Turawa suka shata ba, da me zai ba shi amsa? Ni ba cewa nake a sauya wa Najeriya ko Nijar suna ba. Cewa nake a saka wannan a darasin tarihi na makarantunmu, da alherinsa da sharrinsa kamar yadda kika nema, a kuma daina fassara littattafan Shehu ana barin kalmar haka nan ba bayani.

Usman Mai Wurno:
Na gode Baba Yohanna, na gode iyayena duka. Roƙo ɗaya nake da shi ga masu rubutu da 'yan jarida da ke zauren nan. Lokacin rikicin 2022 na ga wasu shafukan Hausa suna rubuta 'yan Najeriya mazauna Sudan. Na san da kyakkyawar niyya aka yi, amma wannan ita ce ainihin maganar masu korar mu, kuma suna ɗaukar irin waɗannan rubuce-rubuce su nuna a matsayin shaida. Yawancinmu ba mu taɓa taka Najeriya ba, ba mu da fasfonta, kaburburan iyayenmu suna Sinnar da Gadarif. Ku ce Hausawan Sudan, ko 'yan Sudan masu jin Hausa. Ɗaliban da suka zo karatu irin su Nura daban, mu daban.

Hajiya Lami Zariya:
Wannan kam na ɗauka, Usman. Akwai 'yar ƙanwata da ke aikin fassarar labarai, yau zan tura mata saƙonka yadda ka rubuta shi.